Injin tsaga katako da ya yi damina 7 a kwance: yadda aka duba shi, aka gyara, aka tayar da shi a Sabon Garin Zariya

Wurin yana gefen Sabon Gari, tafiyar 'yan mintuna daga 'yan katako. Doguwar rumfar kwano ce, tsawonta mita 24, faɗinta mita 9, gefe uku a buɗe, sai ɗan ɗaki a ƙurya inda ake washin zarto. Babban injin na kwance ne, irin wanda masu sana'ar ke kira CD. Gungume ba ya motsi, ɗaure shi ake yi a ƙasa, kan injin shi ke tafiya bisa dogo biyu. Zarton kuwa ɗamara ce ta ƙarfe mai haƙora da ke zagaya manyan wili biyu, kowanne faɗinsa mita 1.1. Ban da shi akwai injin teburi mai zarton faifai na gyaran gefen falanki, da injin washi, da janareta mai shan gas. Mai wurin ya rasu, rabon gado ya ja lokaci, aka garƙame ƙofa. Sai da damina 7 ta wuce kafin magada su daidaita, su ce a tayar da injin.

Ranar da aka buɗe ƙofa, babban ɗan ya dubi tsohon da ya daɗe yana tuƙa injin a zamanin mahaifinsa, ya ce, "Baba, a jona wuta mana mu ji ko zai yi kuka." Tsohon ya ce, "A yi haƙuri Alhaji. Wanda ya daɗe yana jinya ba a ce masa ya miƙe da gudu." Da gaskiyar tsohon. Moton da ya sha laima, in aka ba shi wuta kafin gwaji, koyil ɗinsa na iya ƙonewa cikin 'yan daƙiƙa, kuma zarton da ya yi tsatsa a kan wili yana iya tsinkewa ya yi bulala a cikin rumfa. Don haka aka fara da zare fis duka uku, aka sa kwaɗo a akwatin wuta, makullin yana aljihun mutum ɗaya. Mako 9 aka yi kafin a mayar da fis ɗin nan.

Abin da aka tarar

Kwana biyu aka yi ana nome ciyawa da kwashe shara, da takalmin roba da safar hannu, saboda tsohon tarin katako gidan kunama ne da maciji. Kwano 14 sun huje, uku daga cikinsu daidai saman inda aka ajiye kan injin, wato ɓangaren moto. Garin katakon da aka bari a ranar aiki ta ƙarshe ya daskare tsakanin dogon biyu, kaurinsa ya kai kamu biyu, in an sa shebur sai a ji ƙasansa da danshi duk da ana tsakiyar rani. Wannan gari shi ya yi ɓarnar da ta fi ta ruwan sama. Yana riƙe ruwa wata da watanni a jikin ƙarfe, kuma shi ke kiran gara. Garar ta yi hanyoyinta a jikin ginshiƙan rumfa 4, ta cinye matasan katakon da aka shimfiɗa dogo a kansu. Daga waje matasan suna nan kamar lafiyarsu ƙalau, amma da aka soka sukundireba sai ta shige har ƙota, ƙasa ja ta zubo.

An bar zarto a ɗaure a kan wili da cikakken ƙarfinsa. Zanzaro ya cika murfin fankar moto da ɗakunan laka. Ɓeraye sun ci rigar babbar waya a wuri biyu. A tankin janareta akwai sauran gas da ya yi duhu, ƙasansa ruwa da kwantsa.

Rufi aka fara gyarawa, kafin a taɓa ko noti ɗaya a jikin injin. Ruwan Zariya yakan fara ne wajen watan Mayu, kuma duk abin da aka wanke aka shafa wa giris a ƙarƙashin kwanon da ke yoyo, aikin baban giwa ne. Aka sauya kwanon da suka huje, aka maye ginshiƙan da gara ta ci da bututun ƙarfe, aka haƙa lambatu a gefen da ruwa ke gangarowa.

Dogo da abin da ke ƙarƙashinsa

A irin wannan inji, miƙewar falanki daga dogo take fitowa. Zarto yana bin duk inda kan injin ya bi. In dogo ɗaya ya lotsa, kan injin ya karkata, falanki ya fito gefe ɗaya da kauri, gefe ɗaya sirit. In biyun suka lotsa tare, ya fito da ciki a tsakiya. Masu wuri da yawa sukan ɗora laifin a kan mai washi, su yi ta sauya zarto, alhali ciwon yana ƙasa.

Awon bai buƙaci kaya masu tsada ba. Tiyo mai haske aka samu, tsawon mita 20, aka cika shi da ruwa har kumfar iska ta fita kakaf, aka kafa alama a ginshiƙi ɗaya, sannan aka bi kowane dogo ana aunawa mita-mita ana rubutawa da alli a jikinsa. Aka kuma ja siririyar wayar ƙarfe tamau daga wannan ƙarshe zuwa wancan don a ga karkatar gefe. Sakamakon ya nuna dogon hagu ya nutse da milimita 11 a tsakiya, cikin tazarar mita 3, daidai inda ake ɗora gungume mai nauyi. Na dama ya nutse da milimita 4. Tazarar da ke tsakaninsu kuma ta buɗe da milimita 6 a wuri guda.

An yi shawarar a sa sababbin matasai na kirya ko kawo, tunda gara ba ta cika son su ba. Shawara ce mai arha, amma ba a ɗauke ta ba, don katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu, kuma a Zariya bambancin lokutan biyu babba ne. Sai aka ɗaga dogon gaba ɗaya, aka kwashe ƙasar da gara ta huda, aka zuba maganin gara, aka haƙa ramuka mita ɗaya-ɗaya, kowanne faɗin santimita 40, zurfin santimita 60. Kankaren da aka zuba kwaɓin 1:2:4 ne, siminti kashi ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, aka dasa ƙusa mai noti ta milimita 16 guda biyu a kowane rami. Mako guda ana ba shi ruwa safe da yamma, an rufe shi da buhu, aka ƙara mako guda kafin a ɗora masa nauyi. Magada sun ƙosa da wannan jira, amma kankaren da aka ɗaure wa noti yana ɗanye, ƙusar kan saki daga baya, a lokacin da ba a iya komawa a gyara cikin sauƙi.

Da aka mayar da dogon, da siraran fallayen ƙarfe aka daidaita shi, ana cusawa a ƙarƙashi ana sake awo, har bambancin ko'ina bai wuce milimita 1 ba. Ba a yarda a cusa katako ko roba ba. Ƙananan tayoyin ƙarfen da kan injin ke gudu a kansu, biyu sun yi shafe a inda suka tsaya shekara da shekaru, aka kai su wurin mai tona ya fere huɗun zuwa girma ɗaya. Gadajen da gungume ke kwanciya a kai su ma aka daidaita su da dogo, don in suka saɓa, falankin ƙarshe kullum karkatacce ne.

Wili da boris

Zarton da aka bari a ɗaure yanka shi aka yi aka jefar. Ƙarƙashinsa, fuskar kowane wili ta yi tsatsa rabin da'ira. Bayan an kankare da burushin waya da samfefa, aka fara neman tsaga, domin wilin zubin ƙarfe mai tsaga ba abin gyara ba ne, a gudun da yake yi in ya fashe ba a tsayawa kusa. Gwajin tsoho ne kuma yana aiki: a wanke wilin, a shafa masa kananzir, a bar shi ya jiƙa, a goge tas, sannan a shafa alli da aka dama da ruwa. In allin ya bushe, duk inda tsaga take kananzir zai tsattsafo ya zana siririn layi mai duhu a kan farin. Aka bi gindin kowane hannu na wilin da kewayen cibiya. Ba a ga layi ba, kuma da aka buga da ƙaramar guduma sautin ya fito tangaran. Wannan shi ne labari mafi daɗi a duk binciken, domin da wili ɗaya ya tsage, lissafin gyaran gaba ɗaya sai ya canza.

Boris kuwa duka huɗun sun tafi. Da aka cire fambel aka juya wilin da hannu, aka ɗora bakin sukundireba a gidan boris, ƙota a kunne, sai ana jin ƙas-ƙas a tazara ɗaya ba ta canzawa. Dalilin shi ne ƙarfin zarton da aka bari ya danne 'ya'yan boris a wuri ɗaya, giris ya bushe, laima ta shiga, kowane ɗa ya bar tabonsa a hanyarsa. Irin wannan ba ya wankuwa. Aka karanta lambar da ke jikin tsofaffin, aka sayo irinsu. A nan a yi hattara, kasuwa cike take da jabun boris a kwalin manyan kamfanoni, kuma wanda ya yi arha da yawa ba ya kai wata uku a wannan aiki. Wajen sawa, a cikin mai aka ɗumama su zuwa digiri 90, ba a kai su 120 ba don kada ƙarfen ya yi laushi, suka zame a kan sanda ba tare da guduma ba. Giris kuma sulusin gidan zuwa rabi ake zubawa. Wanda ya cika gidan maƙil yana ganin alheri ya yi, boris ɗin zafi zai ɗauka.

Sai fuskar wilin. Fuskar tana da ɗan tudu kaɗan wanda ke riƙe zarto a mazauninsa, amma shekarun aiki sun cinye gefen gaba, inda garin katako da yashi ke shiga. Da aka ɗora miƙaƙƙen ƙarfe, haske yana wucewa ta gaban. Agogon awo ya nuna wilin moto yana rawa da milimita 0.6 a kowane zagaye. Zarton da ke gudu a kan irin wannan fuska gefen haƙoransa ba ya samun ƙarfi, sai ya yi ta yawo a cikin itace yana tsagewa. Aka goge fuskokin biyu da dutsen injin a inda suke, a kan sababbin boris ɗinsu, har rawar ta dawo ƙasa da milimita 0.1. Tsarin yana da muhimmanci: boris tukuna, guga daga baya. A ƙarshe aka kankare laka da daskararren ƙaro daga cikin bakin wilin, aka juya shi sau da yawa aka ga ba ya tsayawa a wuri ɗaya, alamar nauyinsa ya daidaita.

Ginshiƙai biyun da kan injin ke hawa da sauka a kansu sun cije. Kwana uku ana ɗiga musu kananzir haɗe da baƙin mai kafin su saki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don in ginshiƙi yana cijewa, kan injin yakan maƙale a sama lokacin da aka saita kauri, sai girgiza ta sa ya faɗo ana tsakiyar yanka. Notin tagulla na gefe ɗaya ya cinye, aka fere sabo, aka sauya sarƙar da ke haɗa gefen biyu, aka auna daga zarto zuwa gado a hagu da dama har suka yi daidai. Ƙananan katakan da ke tallafar zarto kusa da gungume an sassaƙa sababbi da kawo, aka jiƙa su a mai. Aka mayar da makankarar wili da tsumman da ke ɗiga wa zarto gas don kada ƙaro ya manne.

Moto da wuta

Moton mai kilowat 30 ne, layi uku, bolt 415, yana juyi kusan 1,470 a minti, fuli da fambel suna rage shi zuwa kusan 520 a wili. Mai lantarki ya gwada rufin koyil da na'urar da suke kira mega, a kan bolt 500, ya samu megohm 0.3 tsakanin koyil da jikin moto. Ƙasa da megohm 1 ba a ba moto irin wannan wuta. Amma da ya auna koyil ukun ɗaya bayan ɗaya ya ga sun yi daidai da juna, kuma babu warin ƙuna, sai ya ce laima ce, kada a yi gaggawar kai shi wurin masu naɗi. Aka buɗe shi, aka fasa ɗakunan zanzaro, aka hure ƙura, aka jera ƙwayayen fitila masu zafi a cikinsa, aka lulluɓe da tamfol aka bar kafar da tururi zai fita, ana lura kada zafin ya wuce digiri 90. Awon ya fara sauka, kamar yadda yakan yi in koyil ya ɗumama, sannan ya dinga hawa. A kwana na uku, bayan ya huce, ya nuna megohm 40. Aka shafa masa banish, aka sa sababbin boris. Naɗin gida ba kasafai yake kai na asali ba, don haka ceton koyil na asali riba ce babba.

Akwatin tayarwa irin na sita-delta ne. Moto irin wannan in aka ba shi wuta kai tsaye yakan ja ninki 6 zuwa 7 na abin da yake ci yana aiki, sita-delta kuwa yana rage wannan zuwa sulusi. A ciki aka ga abin da ya fi komai tayar da hankali: an tsallake obalod, na'urar da ke yanke wuta in moto ya ja fiye da kima, da guntuwar waya, tun zamanin da wurin ke aiki. Wato duk ranar da layi ɗaya ya ɗauke, babu abin da zai kare moton. Aka sa sabon obalod. Moton yana cin kusan am 55, amma da yake obalod ɗin yana kan layin koyil ne, a kan kashi 58 cikin 100 ake saita shi, wato wajen am 32. Masu saita shi a kan 55 sun bar moton ba mai gadi. Aka sauya kwantakta biyu da bakinsu ya ƙone, aka ƙara na'urar da ke kashe inji in layi ɗaya ya ɗauke ko wutar ta yi ƙasa, abin da duk mai aiki da layi uku a garin nan ya san yana faruwa. Aka sauya wayar da ɓeraye suka ci gaba ɗayanta, aka sa ta a bututu, aka kafa sabon ƙarfen at, wanda ake kafawa a ƙasa don ya janye wutar da ta ɓalle, aka sa jan maɓallin tsayarwa a inda hannun mai tuƙi ke kai.

Fambel huɗu ne, an sauya su tare, don sabo ɗaya a cikin tsofaffi shi kaɗai zai ɗauki nauyin. Ɗaurinsu: a danna tsakiya da yatsa, ya lotsa kamar milimita 16 a kowace mita ta tazarar fuli biyu. Kafin a sa su an tayar da moton shi kaɗai aka ga inda yake juyawa.

Janaretan mai kVA 100 bai ba da wahala sosai ba. An zubar da tsohon gas, an wanke tanki, an sauya matatun gas da na mai da na iska, an wanke lagireto, an sa sabon batir, an juya injin da hannu zagaye biyu kafin a ba shi kii, an fitar da iska daga famfon gas. Koyil ɗinsa shi ma sai da ya sha gwajin mega.

Ɗakin washi

A nan ne ribar masana'anta ke fitowa ko ta nutse. Zarto 9 aka tarar a rataye, faɗin kowanne milimita 120, kauri 1.1. Kaurin ya dace, domin ƙa'idar ita ce kada ya wuce kashi ɗaya cikin dubu na faɗin wili. Wanda ya fi haka kauri lanƙwasa za ta gajiyar da shi da wuri. A lissafa: zarton nan tsawonsa kusan mita 7.5 ne, yana gudun mita 30 a daƙiƙa, wato yana zagaye 4, kowane zagaye yana lanƙwasa sau biyu. Sau 8 ke nan a daƙiƙa, kusan 29,000 a awa. Duk ƙaramin tabon tsatsa a kwarmin haƙori, a irin wannan lanƙwasa, mafarin tsaga ne.

Aka wanke su da kananzir aka duba kwarmi ɗaya bayan ɗaya da madubin ƙara girma. Wanda tsagarsa ta wuce kashi ɗaya cikin goma na faɗinsa, wato milimita 12, an ajiye shi gefe, haka wanda tsatsa ta yi wa ramuka a jiki. Uku suka tsira, aka sayo sababbi huɗu. Ƙasa da zarto shida wuri irin wannan ba ya tafiya daidai, don ana sauya zarto duk bayan awa biyu na yanka, ko da yana da sauran kaifi, a bar shi ya huta kafin a wasa.

Zarto mai faɗi washi kaɗai ba ya isarsa. Sai an kwantar da shi a teburin ƙarfe an bi shi da miƙaƙƙen ma'auni an daddale ƙulli da guduma, sannan a matse tsakiyarsa da injin birgima don ta ɗan fi gefuna tsawo. Haka ne in aka ɗaure shi a wili, ƙarfin zai taru a gefen haƙora da gefen baya, ya tsaya ƙyam a cikin itace. Bayan haka a faɗaɗa bakin kowane haƙori, a daidaita gefensa, ya fi jikin zarto da kamar milimita 0.5 kowane gefe in itacen mai tauri ne irin maɗaci, a ƙara kaɗan in ɗanye ne mai zare. Masu wannan hannu sun yi ƙaranci, kuma wanda aka samu dattijo ne. Sharaɗin da aka yi da magada shi ne a ba shi yaro ya koya.

Injin washin an sauya masa dutse, an gyara kaifin dutsen ya dace da siffar kwarmi, tazarar haƙora milimita 40. Ana ɗibar kaɗan-kaɗan, zagaye uku ko huɗu. In aka danna dutse da ƙarfi kwarmin ya yi shuɗi, ƙarfen wurin ya ƙone ya yi gautsi, daga nan tsaga ke tashi. Kuma dole dutsen ya share kwarmin gaba ɗaya, don ya kwashe ƙananan tsagar da ido ba ya gani.

Gwaji

An ɗora zarto, kwarmin haƙora ya leƙo daga bakin wili da milimita 4, aka bar injin yana gudu babu itace na minti 30. Gidajen boris sun yi ɗumi, hannu yana iya zama a kansu. Malaina aka fara yankawa, tunda mai laushi ce, ta fita sumul. Da aka ɗora maɗaci mai kaurin santimita 55, sai zarton ya fara nutsawa ƙasa bayan tafiyar mita ɗaya, fuskar falanki ta yi igiyar ruwa. Tunda an san dogo da wili lafiya suke, neman bai yi nisa ba. Aka auna haƙora 20 a jere, aka ga gefen ƙasa ya fi na sama fitowa da milimita 0.2, saboda muƙamuƙin na'urar daidaita gefe ya cinye ta ɓangare ɗaya. Zarto kullum yana bin gefen da ya fi ci. Aka gyara muƙamuƙin, aka sake bin zartunan. Aka kuma goge ɓawon gungumen da burushi, don an ja shi a ƙasa, kuma yashin da ke maƙale a ɓawo yana dakushe haƙori tun a yankan farko.

Saurin turawa ma sai da aka daidaita. Haƙora 750 ke wucewa a daƙiƙa. In ana tafiyar mita 10 a minti, kowane haƙori yana ɗibar kamar milimita 0.2. A matsa fiye da kima, kwarmi ya cika ya toshe. A yi sanyin jiki da yawa, garin ya yi laushi kamar na tuwo, ya zube gefe yana gugar zarto har ya yi zafi. Garin da ake so shi ne mai tsaki-tsaki, wanda in an damƙa a hannu ba ya dunƙulewa.

Bayan gyaran, an auna falanki 10 a wuri shida-shida, bambancin kauri bai wuce milimita 1 ba. Ga amfanin wannan a kuɗi: daga gungumen da aka gyara ya zama milimita 400, in ana fitar da falankin milimita 25 da rarar milimita 1, ana samun 14, in an lissafa da abin da bakin zarto ke ci a kowane yanka. In injin yana yawo har sai an bar rarar milimita 5 don kada mai saye ya ƙi, 12 ake samu. Falanki biyu ke nan a kowane gungume suke komawa gari.

Kula ta yau da kullum

Kowace yamma ana sassauta zarto, a kwashe gari kakaf daga tsakanin dogo, a goge ginshiƙai a shafa mai. Garin ma yana da masu so, masu kiwon kaji da matan da ke girki da murhun garin katako, sai dai a waje ake tara musu shi, nesa da janareta. Yara ba sa shiga rumfa ɗiba, ko inji yana kashe. An ajiye bokitan yashi da tukunyar kashe gobara biyu. An mayar da murfin wili da na fambel da aka tarar a jingine. Injin teburi an sa masa wuƙar da ke bayan faifai, wadda ke hana katako matse zarto ya dawo wa mai turawa a ciki. Ba a aiki da babbar riga ko rawani mai jela, kuma akwai abin toshe kunne da na rufe hanci, don ƙurar maɗaci tana damun ƙirji.

Duk mako ana duba ɗaurin fambel da notin dogo, a ƙara giris kaɗan. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba: ana hure fankar moto da matatar iskar janareta kusan kullum, katakon da aka yanka kuma a shafe bakinsa da fenti, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna masu kaurin milimita 25 a tsakani, tazarar santimita 60, in ba haka ba busasshiyar iska ta farfasa shi cikin kwanaki. A watan Afrilu ana hawa rufi, a share lambatu, a sake gwajin mega. Bayan ruwa ya ɗauke a Oktoba ana sake fito da tiyon nan a auna dogo. Dalbejiyar cikin gari da ake kawowa a yi hattara da ita, sau da yawa akwai tsohuwar ƙusa da itacen ya haɗiye. Gungume kuma sai mai takardar ma'aikatar gandun daji, musamman madobiya, wadda cinikinta zuwa ƙasashen waje ke ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin itatuwa da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

An kuma rubuta a bangon ɗakin washi abin da za a yi in wani dalili ya sa aka rufe wurin fiye da wata guda: a sauke zarto a shafe shi da mai a rataye, a sassauta fambel, a shafa giris a fuskar wili da dogo da ginshiƙai, a toshe kafofin moto da raga, a zare batir, a zubar da gas ko a cika tankin maƙil, a share gari har a ga kankare, sannan a sa wani ya riƙa zuwa duk mako biyu yana juya wilin da hannu.